Wane tiransisto ya dace da amplinmu?

Yara, ku samo wani tsohon rediyo da ya mutu, ku kwance bayansa, ku leƙa ciki. Za ku ga wani faifai da aka jera wa ƙananan abubuwa kamar tiren mai koli. A cikinsu akwai wasu baƙaƙe, girmansu bai wuce ƙwayar wake ba, kowane da ƙafa uku. Su ne ake kira tiransisto.

An fara ƙera tiransisto a watan Disamba na 1947, a ɗakin bincike na kamfanin Bell, a ƙasar Amurka. John Bardeen da Walter Brattain ne suka haɗa na farko, shugaban rukuninsu William Shockley kuma ya fito da wani samfuri da ya fi shi ƙarko. Su uku suka raba kyautar Nobel a 1956. Kafin nan rediyo yana aiki ne da wasu kwalabe masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi zafi suke magana, ga kuma shan wuta. A 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu mai suna Regency TR-1. Tiransisto huɗu ne kawai a cikinsa.

Da wannan ɗan abu ake haɗa na'urar ƙara sauti, wadda masu gyaran rediyo ke kira ampli. Amma tiransisto iri-iri ne, dubbai. Wanne za a ɗauka? Ni dai da kuɗina na sayi amsar wannan tambaya.

Shekarar da na fara koyarwa, ƴan ajina sun shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara. Filin lakwal yana da faɗi, muryar yara kuwa ba ta kai wa iyayen da ke zaune can baya. Ina da lasifika ta wani tsohon rediyo, ina da batir mai volt 12, ina da zanen ampli da na kwafa a kayena tun ina makarantar horon malamai. Zanen ya ce a sa BD139 da BD140 a ƙarshe. Ban same su ba. Na ce a raina, ai duk ƙafa uku gare su. Sai na liƙa BC547 da BC557 da na ciro daga rediyon. Na kunna, ampli ya yi magana, yara suka yi tafi. Da na ƙara murya, sai sautin ya shaƙe, wani wari ya tashi, shi ke nan, shiru. Saura kwana biyu a yi wasa.

Na kwashi kayan na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya juya faifan, ya shinshina, ya yi dariya.

Ya ce, "Malam, kai da kake koya wa ƴaƴanmu lissafi, ka yi lissafi kuwa kafin ka liƙa waɗannan?"

Na ce, "Wallahi Baba, ban yi ba."

Ya ce, "To, kayan raƙumi ka ɗora wa ɗan akuya."

Lissafin da ban yi ba ran nan, shi za mu yi tare yanzu.

Yadda yake aiki

Ku tuna da pampon unguwarku. Ruwa yana can sama cikin shato, yana matso tiyo. Ƙaramar yarinya tana iya murɗa kan pampo da yatsu biyu, ruwa mai yawa ya zubo. Ba ita ta yi ruwan ba, ba ita ta tura shi ba. Buɗewa da rufewa kawai take yi.

Haka tiransisto yake. Ƙafafunsa uku suna da suna: bas, kolekta da emita. A zane ana rubuta su B, C da E. Bas ita ce kan pampo. Idan ƴar wuta kaɗan ta shiga bas, sai wuta mai yawa ta samu hanya tsakanin kolekta da emita. In wutar bas ta ƙaru, babbar ta ƙaru. In ta ragu, ta ragu. Mikro yana mai da muryarku ƴar wuta mai hawa da sauka. Tiransisto yana sa wutar batir ta riƙa hawa da sauka daidai da ita, sai lasifika ta kaɗa da ƙarfi. Ku lura da kyau: ƙarfin daga batir yake fitowa, ba daga tiransisto ba.

Ana auna wuta da ma'auni uku. Volt shi ne matsin wuta, kamar tsawon shato. Ampa shi ne yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke bin tiyo. Wat kuwa shi ne aikin da wutar ke yi, ana samunsa in an ninka volt da ampa. Akwai na huɗu, om, wanda ke nuna yadda abu ke tare wa wuta hanya. Kowane tiransisto yana da iyakar volt, da iyakar ampa, da iyakar wat da zai iya jurewa. Kamfanin da ya ƙera shi yana rubuta su a takardar bayani. Yana kuma rubuta riɓinsa, wato sau nawa wutar kolekta ta fi ta bas. Ana nuna riɓi da alamar hFE.

A cikin ƙaramin ampli ma'aikata kashi uku ne. Na farko yana karɓar ƴar muryar mikro. Na tsakiya yana ƙara mata ƙarfi. Na ƙarshe su biyu ne, su ke kaɗa lasifika. Kun san yadda mata biyu ke lugude a turmi ɗaya: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga. Haka su ma suke yi. Ɗaya yana tura takardar lasifika waje, ɗaya yana jawo ta ciki. Shi ya sa ba iri ɗaya ba ne su biyun. Mai turawa ana kiransa NPN, mai jawowa PNP. BD139 NPN ne, abokinsa BD140 PNP ne.

Daga lasifika ake farawa

Mai zaɓen tiransisto ba ya farawa daga mikro. Daga ƙarshe yake farawa, inda kaya suke da nauyi, ya dawo baya. Ku ɗauko alli.

Ku juya lasifika, za ku ga an rubuta mata lamba a baya. Tawa om 8 ce. Batir kuma volt 12. Ƴan luguden nan biyu raba shi suke yi, volt 6 na turawa, volt 6 na jawowa. Domin sanin ampa, sai a raba volt da om:

6 ÷ 8 = 0,75

Ke nan, lokacin da murya ta kai ƙololuwa, wutar da za ta ratsa kowanensu ta kai ampa 0,75. To, BC547 fa? Iyakarsa ampa 0,1. Na ɗora masa abin da ya ninka ƙarfinsa sau bakwai da rabi. Baba mai gyara bai yi ƙarya ba.

Ta wajen volt babu damuwa a nan. Kowane daga cikin biyun dole ya jure matsin batir gaba ɗaya lokacin da yake hutawa, wato volt 12. BC547 yana jure 45, BD139 yana jure 80. Sai a manyan ampli masu volt 50 ko 70 ne wannan lamba ke zama abin dubawa da farko.

Yanzu sai wat. Mu ninka 6 da 0,75, mu samu 4,5. Amma sauti ba ya zama a ƙololuwa kullum, hawa da sauka yake, saboda haka rabi ake ɗauka: wat 2,25. Wannan shi ne iyakar abin da lasifika za ta samu a kan allo. A aikace ba ya kai haka, don tiransisto yana cin nasa rabo. Kada ku raina wat biyu. Ya ishi aji, ya ishi ɗan fili in an yi shiru.

Zafi

Nan ne nake so ku fi natsuwa, domin zafi ya fi komai kashe tiransisto, mu kuwa ƙasar zafi muke.

Ba duk wutar batir ke zama sauti ba. Wani kashi yana tsayawa cikin tiransisto ya zama zafi. Masana sun lissafa cewa a irin wannan ampli na lugude, mafi yawan zafin da kowane ɗaya zai sha ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin amplin. Mu raba:

2,25 ÷ 5 = 0,45

Wat 0,45 ke nan. Bari mu gwada wani ɗan tiransisto da ya yi kama da BC547 amma ya fi shi ƙarfi, sunansa BC337, abokinsa BC327. Wasu kamfanoni sun ba shi iyakar ampa 0,8 da wat 0,625. In ka dubi waɗannan lambobi, sai ka ce ya isa: 0,8 ya fi 0,75, kuma 0,625 ya fi 0,45. Amma akwai wani abu da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a takardar bayani. An yi awon ne a wuri mai zafin digiri 25. A Tawa, ko Damagaram, ko Maraɗi, da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin rana yana wuce digiri 40 a inuwa. Cikin akwatin ampli da aka rufe kuwa ya fi haka. Mu ce 45.

Jikin BC337 ƙarami ne, ba ya fitar da zafi da sauri. Kowane wat ɗaya yana ƙara wa cikinsa digiri 200. Saboda haka 0,45 × 200 = 90. A haɗa da 45 na iska, ya zama 135. Tiransiston silikon yana lalacewa in cikinsa ya wuce digiri 150. Ya tsira, amma da ƙyar.

To, a ce an jona batir da sola da tsakar rana. Batir da ke shan caji yana hawa har volt 14. Ku sake lissafin da kanku, da 7 maimakon 6. Za ku samu ampa 0,875, wanda ya riga ya wuce iyaka. Za ku samu zafin wat 0,6 da ɗoriya, cikin tiransisto kuma ya haura digiri 165. Ya mutu. Ampli da ya yi aiki lafiya da sanyin Janairu, ga shi ya ƙone a Afrilu, mai shi yana ta zargin batir.

BD139 fa? Iyakarsa ampa 1,5, ninki biyu na abin da muke bukata. Jikinsa ya fi faɗi, yana da ƙarfe a baya, kowane wat yana ƙara masa digiri 100 ne kawai. Ko da batir ya hau 14, cikinsa wajen digiri 106 kawai zai kai. Ga dalilin da ya sa mai zanen ya zaɓe shi. Ni a ganina, tiransiston da lissafi ya nuna zai yi aiki dab da iyakarsa, a bar shi. A nemi wanda ya ninka bukata sau biyu.

Takardar BD139 ta ce yana jure wat 12,5. Kada wannan ya ruɗe ku. Ba ya kai haka sai an ɗaure shi jikin ƙarfe mai shanye zafi, kuma ƙarfen ya zauna da sanyi. In yana tsaye shi kaɗai cikin iska, wat 1,25 ne iyakarsa. Ƙarfen da ake amfani da shi alminiyom ne. Ko gutsuren murfin tsohuwar tukunya yana yi, in dai an daddale shi ya kwanta sumul, an huda, an ɗaure da kusa mai zare. Ana shafa wani farin mai tsakaninsu don zafi ya ratsa da kyau.

Amma ga wani tarko. Ƙarfen bayan tiransisto a haɗe yake da kolekta. A irin zanenmu, kolektan BD139 yana jone da kan batir mai alamar +, na BD140 kuma da mai alamar −. In kuka ɗaure su biyun a ƙarfe ɗaya haka kawai, kun haɗa kawunan batir biyu ke nan, waya za ta yi ja. Ko dai kowane ya samu ƙarfensa dabam, ko a sa wata ƴar siririyar takarda da ake kira mika tsakanin tiransisto da ƙarfe. Mika tana barin zafi ya wuce, tana hana wuta.

Tiransisto yana da wani mugun hali kuma. In ya yi zafi, sai ya ƙara buɗe hanya. Wuta ta ƙaru, zafi ya ƙaru, ya sake buɗewa, har ya kashe kansa. Don haka ne za ku ga an sa ƙananan rezistans, masu om 0,47 ko om 1, a ƙafar emita, da diyod biyu kusa da bas. Wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko a cire su tun da ƙanana ne. A'a. Su ne linzami.

Babba ba kullum ya fi ba

Wani zai ce, to Malam, me zai hana mu sa mafi girma a ko'ina mu huta? Akwai manya. TIP41C da abokinsa TIP42C suna ɗaukar ampa 6 da volt 100. Akwai 2N3055 mai rigar ƙarfe, wanda kamfanin RCA ya fitar a farkon shekarun 1960, yana ɗaukar ampa 15 da wat 115, abokinsa MJ2955. A manyan ampli na taro ana samun 2SC5200 da 2SA1943 na kamfanin Toshiba, masu volt 230 da wat 150.

In kuka sa lasifika mai om 4, ko kuka jera biyu masu om 8 kafaɗa da kafaɗa, wuta za ta ninka ta zama ampa 1,5, zafi ma ya ninka. Nan BD139 ya kai iyakarsa, sai a koma ga TIP41C da TIP42C, tare da ƙarfen sanyaya.

Sai dai manya suna da nauyin tashi. Riɓinsu kaɗan ne. Na 2N3055 yana tsakanin 20 da 70 in yana ɗauke da ampa 4. Mai ƙaramin riɓi yana neman wuta mai yawa a bas, kuma ma'aikacin tsakiya ne zai ba shi. Mu duba namu. In BD139 yana ɗauke da kaya masu nauyi, riɓinsa yana iya sauka har 25. To, 0,75 ÷ 25 = 0,03. Ampa 0,03 ke nan. Wannan BC547 yana iya bayarwa ba tare da gumi ba. Ashe ɗan akuyan ma yana da wurinsa, a tsakiya. Amma in na ƙarshe yana jan ampa 1,5 da riɓi 20, bas ɗinsa zai nemi 0,075, BC547 ya matso iyakarsa. Sai BD139 ya dawo tsakiya ya zama mai tura babban.

Na farko, wanda ke kusa da mikro, ba ƙarfi ake nema gare shi ba, kunne ake nema. Kowane tiransisto yana da ɗan shuuu da yake yi shi kaɗai. In na farko yana da wannan surutu, duk na bayansa za su ƙara shi tare da murya. An yi BC549 da BC550 musamman don rage shi. Ku duba harafin da ke bin lambar kuma. A yana nufin riɓi daga 110 zuwa 220, B daga 200 zuwa 450, C daga 420 zuwa 800. A bakin mikro, BC549C ya fi dacewa. Ƴan luguden ƙarshe su ma a so riɓinsu ya yi kusa da juna, don kada turawa ta fi jawowa, murya ta karkace.

Batun sauri ba zai tsayar da mu ba. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa dubu 20 a daƙiƙa, duk waɗanda muka ambata kuwa suna wuce haka nesa.

Karanta suna, duba ƙafa

Sunan tiransisto ba haka kawai aka raɗa shi ba. A tsarin Turai, harafin farko yana nuna abin da aka yi shi da shi: A jamaniyom, B silikon. Na biyu yana nuna aikinsa: C ƙaramin aikin sauti, D babban aikin sauti, F aikin kama tasha. Na Japan suna farawa da 2S: 2SA da 2SB duk PNP ne, 2SC da 2SD kuma NPN. Sau da yawa ba a rubuta 2S ɗin a jiki, sai ku ga C945 ko A1015 kawai. Na Amurka suna farawa da 2N, lambar ba ta faɗin komai, sai an duba takarda.

A rediyoyin shekarun 1960 za ku iya gamuwa da AC127 da AC128, na jamaniyom. Yanzu da wuya a same su sababbi. Ba sa son zafi ko kaɗan, kafin digiri 100 sun lalace. Kuma kada a musanya su da na silikon kai tsaye. Na jamaniyom yana buɗewa da kusan volt 0,2 a bas, na silikon sai 0,6 ko 0,7. In aka musanya ba a gyara sauran ba, murya za ta fito da kakari kamar ta mai mura.

Ƙafafu kuma ba a jeri ɗaya suke ba. Ku riƙe tiransisto, rubutu yana kallonku, ƙafafu suna ƙasa, ku karanta daga hagu. BC547: kolekta, bas, emita. 2N3904: emita, bas, kolekta. C945 da BD139: emita, kolekta, bas. TIP41C: bas, kolekta, emita. Uku na farkon nan kamarsu ɗaya a ido, kamar ƴan uku. Wanda ya cire wannan ya liƙa wancan bai duba ba, aikinsa ya ɓaci.

Kafin ku liƙa kowane tiransisto, sabo ko na cirowa, ku gwada shi da mita. A juya ta wajen alamar diyod. In NPN ne, a ɗora jar waya a bas, baƙar a emita, sannan a kolekta. Duk biyu mita za ta nuna wajen 0,6 ko 0,7. In aka juya wayoyin, ba za ta nuna komai ba. Ga PNP, baƙar waya ce ke zama a bas. Tsakanin kolekta da emita kada a ga hanya ta kowane gefe. In mita ta yi ƙara a nan, ya ƙone, a jefar. Akwai jabu a kasuwa, musamman cikin manya masu tsada. Mita ba ta kama su, don ƴar wuta take gwaji da ita. Rubutun da ke gogewa da yatsa alama ce mara kyau. Ni na fi amincewa da wanda na ciro daga tsohuwar na'ura mai kyau bisa sabon da ban san asalinsa ba.

Yau yawancin ƙananan lasifikoki da wayoyin hannu ba sa amfani da tiransisto ɗai-ɗai. An cusa su da yawa cikin ɗan guntu ɗaya, irin su LM386 ko TDA2030. Su ma suna da iyakar volt, da ampa, da zafi, lissafin bai canza ba.

Da pil ko batir kawai za ku yi wannan aiki, kuma gaban malami. Kada ku kusanci kuran na bango mai volt 220, kada ku buɗe tsohon talabijin, yana riƙe wuta ko an cire shi daga bango. Batir ɗin mota ma, ko da yake volt 12 ne, yana iya narka waya, sai a sa masa fiyus.

Ga dabarar da Baba mai gyara ya nuna mini ran da ya ba ni BD139 da BD140 daga cikin gwangwaninsa. Kunnawar farko, a yanke wayar +, a sa ƙaramin ƙwan fitilar mota mai volt 12 da wat 5 a tsakani. A rage murya duka, sannan a jona. In ƙwan ya ɗan haska ya dushe, lafiya. In ya kama da haske sosai ya tsaya, akwai kuskure, ƙwan ne ya shanye wutar da za ta kashe tiransisto. A cire batir, a sake bin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. In komai daidai ne, a auna mahaɗar emita biyu na ƙarshe, mita ta nuna rabin batir, wajen volt 6. Sannan a cire ƙwan, a sa murya, a bar shi minti biyar, a ɗora yatsa a jikin ƙarfen. In kuna iya ƙirga goma yatsa bai gudu ba, ku rufe akwatin ku kai shi fili.